Makullin da Ke Aljihun Bulus

In za ka kai motarka wurin Bulus rewaya, mai gyaran wutar mota a Trikania, ka zo da haƙurinka. Aikin ba ya cin lokaci a hannunsa. Abin da zai ɓata maka rai shi ne, da ya gama sai ya zare makulli ya jefa a aljihun gaban rigarsa, ya zauna a kan wani mataccen batir yana kallon wayarsa ta hannu. Ko jirgi za ka kama, ba zai ba ka makullin ba sai wayar nan ta yi ƙara. Na ga manyan mutane sun zage shi tas a kan haka. Wani ma ya ce zai kira masa 'yan sanda, Bulus ya ce ya kira, akwai benci da zai ɗauke su duka.

Ni facin taya nake yi, rumfata na jingine da tasa shekara goma sha huɗu ke nan, don haka na san ranar da ya soma wannan hali. Da ba haka yake ba.

Iyayensa mutanen Filato ne, amma a Kakuri aka haife shi, ubansa ma'aikacin masaƙa. Shi ma ya yi shekara tara yana gyaran wutar injinan masaƙar kafin a rufe ƙofa a ce kowa ya kama gabansa. Ya dawo bakin titi da filaya ɗaya da ƙwan gwajin wuta, da su ya ciyar da matarsa Hannatu da 'ya'ya uku, har babbar, Celina, ta gama karatun jinya. Gajere ne, ga tumbi. In ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari ƙafafunsa kawai ake gani a waje, yana rera waƙoƙin coci da muryar da ko tsohon injin iskana ya fi ta daɗi. Ga cika baki. Kullum yana gaya mini wayar wuta ba ta taɓa ba shi kunya ba, ni kuma ina ce masa ya dai yi a hankali.

Da aka fara yayin rediyon nan mai allo, Bulus na cikin waɗanda suka fara iya ɗaura ta a unguwarmu. Tana zuwa da 'yar eriya baƙa kamar akwatin ashana, ana manna ta a rufin mota tana kama tauraron ɗan'adam. Irin wadda direbobi suka fi so kuwa tana haɗe da tiraka. Akwai layin waya a cikinta, tana nuna maka inda motar take a kan taswira, in kuma ɓarawo ya gudu da ita sai ka tura saƙo daga wayarka, ta datse wutar famfon mai. Ba ta kashe mota tana cikin gudu, sai ta jira direba ya rage tafiya. In ka tura wani saƙon daban, sai ta saki wutar motar ta tashi.

Wata Talata da damina, Malam Lawal na Makera ya kawo farar motarsa Sharon a sa masa irin wannan. Direban haya ne, Kaduna zuwa Abuja, dogon mutum marar yawan magana, kuma Bulus ne ke taɓa masa wayar wuta tun motarsa ta fari. A lokacin nan hanyar Abuja ba a shiga ta sai da addu'a. Kowa ya san wani da aka tare aka shige daji da shi. Shi ya sa da Celina ta samu kiran ganawar aiki a wani asibiti a Abuja, Bulus ya ce ba motar da za ta hau sai ta Malam Lawal. Ta zo rumfa da jakarta ta zauna tana jira a gama.

Bulus ya ja waya daga rufi, ya bi da ita ta cikin robar ƙofa, ya ɗaura rediyo, ya ɓoye tiraka a inda shi kaɗai ya sani. Rediyo ta kama raɗau. Saura gwaji. Yadda yake yi shi ne, sai ya tura saƙon kashewa daga wayarsa, mota ta mutu a gabansa, ya tura na tayarwa, sannan ya mayar da komai kan lambar mai mota. Ya tura, shiru. Ya sake turawa, mota na ta ƙugi abinta.

"Oga Bulus, layina na lodi ya kusa zuwa a tasha," in ji Malam Lawal. "Ka san ba na son la'asar ta same ni a hanyar nan."

"Sabon layin da ke cikin tirakar ne bai buɗe ba tukuna," in ji Bulus. "Je ka kawai, gobe ka dawo in ƙarasa maka. Rediyo dai tana yi, ko?"

Ya miƙa masa makulli. Celina ta durƙusa ta yi wa uban sallama, ta ce mini, "Baba Aminu, sai na dawo." Wajen sha ɗaya da rabi suka tafi.

Ƙarfe ɗaya ta wuce, ina cikin cire ƙusa daga wata taya, wayar Bulus ta yi ƙara. Ya duba, saƙon Hannatu ne, ya yi dariya.

"Ji matar nan. Wai in tuna wa Celina ta ɗauki lema. Yanzu?"

Sai dariyar ta tsaya. Ya kawo wayar kusa da ido.

"Aminu, ƙarfe takwas na safe ta turo wannan."

Ni ban gane ba. Na ce to netwok ne, tun safe haka yake, kowa na kuka da shi. Ya dube ni, kuma wallahi ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba.

"Ba layin ba ne bai buɗe ba," ya ce. "Saƙonni ne suka maƙale a hanya. Yanzu suka fara sauka. Nawa guda biyu suna nan tafe."

Nan take ya tura saƙon tayarwa. Ya kira Malam Lawal, ba ta shiga. Ya kira Celina, ba ta shiga. Muna tsaye wayar ta sake ƙara, wannan karon daga tirakar ne. Ta ce ta karɓi umarni, za ta datse mai da zarar mota ta rage gudu.

Duk wanda ya san hanyar nan ya san inda mota ke rage gudu. Inda kwalta ta farfashe ne, cikin daji, ba gida gaba ba gida baya, inda waya ba ta kamawa. Nan ne kuma mutanen dajin suka fi son jira. Bulus ya buɗe taswira. Ɗan ɗigon da ke nuna motar ya yi nisa ƙwarai da gari, yana tafiya a hankali, sai ya tsaya cak. Muka zuba masa ido. Bai sake motsi ba, kuma ba mu san ko motar ce ta mutu ko netwok ne ya yanke ba.

Na tayar da babur ɗina na ce ya hau. Ba wai ina da wata dabara ba ce, zaman ne ba zai yiwu ba. A hanya ina jin sa a bayana yana ta maimaita sunan Yesu, ni ma ina karanta duk abin da ya zo bakina. Muka wuce gadar sama, muka isa Gonin Gora, nan na taka birki. Tsoro ne ya sa na tsaya, ba zan ɓoye ba. Nisan ya fi ƙarfin babur, kuma ko mun isa me tsofaffi biyu za su yi?

Bulus ya tsallaka ɗaya hannun titin yana tare motocin da ke fitowa daga Abuja. "Don Allah kun ga farar Sharon a tsaye? Fara, da 'yar eriya a sama?" Wasu suka wuce ba su ko kalle shi ba. Wani direban tirela ya ce ya ga wata mota a gefen hanya an buɗe bonet, amma bai lura da launinta ba, ai ba wurin tsayawa kallo ba ne.

Sai motocin suka ɗauke.

Mutanen bakin titin nan sun san ma'anar haka. In hannun da ke fitowa daga Abuja ya yi shiru, to akwai abin da ya tare hanya a gaba. Masu sayar da gasasshiyar masara suka miƙe tsaye. Wata mai ayaba ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo, sun sake fitowa." Direbobin da ke shirin shiga hanya suka fara fakawa ɗaya bayan ɗaya. Bulus ya zauna a kan dakalin kwalbati. Hannatu ta kira, ya kalli sunanta har wayar ta katse.

"Me zan ce mata?" ya tambaye ni. "In ce ni na kashe motar da hannuna? Ni na sa yarinyar a ciki, Aminu. Na ce ba wadda na yarda da ita sai wannan."

Na riƙe masa kafaɗa kawai, ina kallon kwaltar da ba kowa a kanta.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Daga baya wata tanka ta ɓullo, bayanta motoci a jere, aka ce wata babbar mota ce ta faɗi ta tare hanya, ba komai ba ne. Mutane suka koma harkarsu. Mu dai ɗigonmu na nan inda yake. Sai can ya yi tsalle gaba, ya ci gaba da tafiya a kan hanyar Abuja, bai karkata daji ba. Wayar ta yi ƙara. Celina ce.

"Dadi, kira goma sha bakwai? Muna lafiya. Motar ce ta mutu mana a daji, amma ta tashi."

Bulus ya miƙo mini wayar. Ni na karɓa na ce mata Allah ya kiyaye hanya.

Washegari da hantsi Malam Lawal ya faka a gaban rumfa. Ya ce gurɓataccen mai aka sayar masa, yana so a duba famfo. Ya ba mu labari a taƙaice, yadda ya saba. Ya rage gudu zai kauce wa rami, mota ta mutu. Ya yi ta murza makulli, ta ƙi. Ba motar da ta tsaya musu, kuma bai ga laifin kowa ba. Shi da fasinjoji maza uku suka tura ta har kan wani tudu, da niyyar su gangara da ita. Suna hawa tudun wayoyi suka fara ƙara, ya gwada makulli, ta tashi. Ya ce ikon Allah ne kawai. Ni dai na gane saƙon tayarwar Bulus ne ya sauka a kan tudun.

Ina daga gefe ina yi wa Bulus alama da ido ya yi shiru. Mutum ya ce mai ne, to a bar shi a mai. Bulus bai ko kalle ni ba. Ya ciro wayarsa ya nuna wa Malam Lawal saƙonnin, ya gaya masa komai, har da cewa da ya zare wayar wutar tirakar kafin su tafi da ba abin da zai faru.

Malam Lawal ya daɗe yana kallon wayar. Na ɗauka mari ne zai biyo baya, har na ajiye guduma na matso.

"Ka san abin da na yi da ta ƙi tashi?" ya ce a hankali. "Mun ji ƙarar babura daga cikin daji. Har yanzu ban san ko su waye ba, ba su fito ba. Na ce wa Celina ta kwanta a ƙasan kujera, na rufe ta da sallayata. Na ce mata in an buɗe ƙofar nan, ke 'yata ce, kada ki yi magana, ni zan yi. In tafiya za a yi da wani, da ni za a yi." Ya miƙa wa Bulus wayarsa. "Ina tura motar nan ina tunanin da wane ido zan kalle ka. Ashe kai ma kana can kana tunanin da wane ido za ka kalle ni."

Bulus ya rufe fuska da tsumman da yake goge hannu, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, a bakin titi, mutane na wucewa. Celina ba ta gaya masa zancen sallayar a waya ba, kuma har yau ba ta san abin da ya kashe motar ba.

Da ya natsu, Malam Lawal ya ciro makulli ya ɗora masa a tafin hannu.

"Ƙarasa aikinka. Yau ko layina zai wuce, ba inda za ni."

Bulus ya tura saƙon kashewa, ya jefa makullin a aljihun gaba, ya zauna a kan mataccen batir ɗin nan. Malam Lawal ya ja benci ya zauna kusa da shi. Minti arba'in suka yi su biyu suna kallon waya ɗaya, har ta yi ƙara.