Tauraron Malama Tabita

Shekarata goma sha tara ina buga takardu a cibiyar horar da ma'aikata da ke Runjin Sambo, kuma na ga malamai iri-iri, har da waɗanda ba zan ba su kiwon akuyata ba. Malama Tabita Irmiya ba ta cikinsu. 'Yar Filato ce, gajera, mai saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. Tana budurwa aka turo ta Sakkwato. A nan ta auri Samuel, a nan ta haifi Lydia, har bakinta ya soma juyawa irin namu, sai ka ji "munka" da "sunka" sun kuɓuce mata.

Aikinta koya wa ma'aikata yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni. Bita ce ta kwana biyar, mutum ashirin, kowa da kwamfutarsa a gabansa. Ta tsara darasin a cikin abin da suke kira notbuk, wato shafi ne a kwamfuta da aka yanka akwati-akwati. Ka rubuta umarni a akwati, ka danna, amsa ta fito a ƙarƙashinsa nan take. Kafin amsar ta fito, wani ɗan tauraro yakan bayyana a gefen akwatin, alamar kwamfuta tana kan aiki. Da ta gama sai ya ɓace.

Kowace Laraba Tabita takan ɗana musu tarko. Akwai akwatin da ta sa wa umarnin ƙirge, ba ta faɗa wa kwamfuta inda za ta tsaya ba. Sai su danna, tauraro ya fito ya zauna daram. Su kuma su harɗe hannu. Ma'aikatan gwamnati ne, jira ba baƙonsu ba ne. Na taɓa ganin wani babban akawu ya yi minti ashirin yana kallon tauraron nan, har da gyangyaɗi. Sai ta tafa hannu ta ce, "In tauraro ya daɗe, ba aiki yake ba, zagaye yake a wuri ɗaya. Kar ku jira shi. Ga madanni can sama, ku tsayar da shi."

Ni kuwa duk Larabar da na ji wannan magana daga teburina sai raina ya ɓaci, don na san abin da ke cikin durowar darakta.

Shekara uku ke nan da aka mayar da Samuel Jos. Ya tafi da Lydia tana 'yar shekara shida, a kan Tabita za ta biyo su bayan wata biyu. Reshenmu na Jos ya ce yana son ta. Abin da ya rage kawai daraktanmu, Alhaji Sodangi, ya sa hannu a takardar saki. Ni na buga takardar da hannuna, na kai masa, ya sa ta a durowar ƙasa, ƙarƙashin gwangwanin shayi.

Duk farkon wata Tabita takan shiga ofishinsa ta rusuna. "Ranka ya daɗe, maganar takardata."

"Ana kai, Malama, ana kai."

Ba mugu ba ne, ni shaida ce. Matsoraci ne. Ita kaɗai ta iya aikin, kuma da bitar nan cibiyar take tutiya a hedikwata. Tabita ba ta iya ajiye aiki, shekara goma sha huɗu da ta yi tana aiki za su bi ruwa, Jos kuma ba za su karɓe ta ba sai da takardar. Sai ta koma ɗakinta a Tudun Wada, ta kira waya. Ta ce mini kullum tambayar Lydia ɗaya ce: "Mama, yaushe za ki zo?"

Bara Jos suka rubuto cewa in Disamba ta wuce za su ba wani gurbin. Ranar Tabita ba ta rusuna ba. Muryarta har teburina. Alhaji ya yi ta gyara hula, can ya ce, "To, ki samo min wanda ka iya riƙe ajin ga kamat ke. Rad da nig ga haka da idona, wallahi in sa hannu."

Ba ta sha wahalar nema ba. A bitar watan Yuli akwai Wasila, wata ma'aikaciya da ke rubuta sunayen manoman shinkafa a Wamakko. Ran Laraba, kowa ya harɗe hannu, ita kuwa ko minti ɗaya ba ta yi ba ta ɗaga murya: "Malama, abin ga ba shi da niyyat tsayawa. Wa yac ce mishi ga iyaka?" Ta lalubo madannin da kanta.

Tabita ta nemi a ba cibiya aron Wasila, aka bayar. Wata huɗu suna fama. Ta buɗe mata notbuk ɗin nan akwati bayan akwati, ta nuna mata inda mutane ke tuntuɓe: masu tsallake akwati na uku su danna na bakwai sannan su ce kwamfuta ta lalace, da masu danne-danne har ƙasa ba su karanta komai ba, su miƙo hannu a ba su satifiket. Ba ta ɓoye mata ko ƙwayar gero ba. Na ce mata, "Ke ko ɗan sirri ba ki ragewa?" Ta yi dariya ta ce, "Anti Sadiyatu, in rage in kai shi ina? Tafiya zan yi."

A watan Nuwamba Wasila ta riƙe aji ita kaɗai, Litinin zuwa Juma'a. Alhaji Sodangi ya zauna a baya, bakinsa har kunne. Tabita ta sayar da firjinta, ta raba wa maƙwabta tukwane, ni ta ba ni labulenta. Ta gaya wa Lydia a gida za ta yi Kirsimeti, kuma ba komowa.

Ran Litinin Alhaji ya kira ni da takarda da biro. Na zauna da murnata. Ya ce in rubuta wa hedikwata cewa, alhamdu lillahi, yanzu cibiya tana da ƙwararrun malamai biyu, don haka ta amince da buɗe aji na biyu da aka daɗe ana roƙon ta.

Na ajiye biro. "Alhaji, rantsuwa hwa kay yi."

Bai dube ni ba. "Ban ce ba ni sa hannu ba, Sadiyatu. Bari dai aji na biyu shi zamna da gindinai. Ana kai."

Na buga takardar. Ina jin kunyar faɗa, amma na buga, don ni ma da wannan teburin nake ci. Ni ce kuma na gaya wa Tabita, gara ta ji daga bakina. Ba ta yi kuka ba. Wasila ce ta yi, tana cewa da ta sani da ba ta koya ba. Tabita ta ce mata, "Kul, kar in sake jin haka."

Disamba ta wuce. A Janairu na mayar mata da labulenta, na tarar tana shan ruwan randar maƙwabta. Na tambaye ta Lydia. Ta ce lafiya lau, ta shiga aji huɗu, ta iya kitso. Sannan ta ce, "Ta daina tambayata yaushe zan zo."

Larabar da ta wuce na shiga ajin Tabita kai takardar sa hannun masu bita. Mutum ashirin sun harɗe hannu. Wani dattijo, Malam Mode, ya ɗaga yatsa.

"Malama, tauraron nawa ya ƙi tahiya. In jira shi?"

Ta tsaya a bayansa tana kallon allon kwamfutar, ta daɗe, har ya waiwayo.

"Kar ka jira, Baba," in ji ta. "Kai kana da madanni."

Ta nuna masa, ta wuce tebur na gaba.