Ƙafar Tagullar da Na Goge

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da na kusa korar kaina daga aiki da lemon tsami ba. Ina shekarata ta uku a aikin kula da tsofaffi, kamfaninmu na garin Laurel a Amurka ya tura ni gidan wani tsohon likita ɗan Indiya. Dakta nake ce masa. Aikina a rubuce yake: wanka, magani, abinci, rahoto. Goge-goge ba ya ciki, amma ni hannuna ba ya zama.

A falonsa akwai mutum-mutumin tagulla mai hannu huɗu, ya ɗaga ƙafa ɗaya yana rawa. Shiva ne, abin bautarsu. Ni dai nakan kau da kai in wuce. Abin da ya tsone mini ido shi ne yadda ya yi kore shar, kamar tasar da aka manta a bayan ɗaki.

Ranar da safe Dakta ya ce ya ba da shi kyauta ga wani gidan adana kayan tarihi na Washington, da rana za su zo ɗauka. A gidanmu na Kano baƙo ba ya ganin tasa da datti, sai na ga abin kunya ne. Na yanka lemon tsami, na barbaɗa gishiri, na kama ƙafar da ke sama. Nan da nan ta yi ja tana ƙyalli, har ina yaba wa kaina.

Sai na ji ihun 'yarsa Mira a bayana. "Hadiza! Me kika yi? Shekararsa kusan dubu!"

Lemon ya suɓuce daga hannuna. Ta ɗauki waya za ta kira kamfani, na san aiki ya tafi.

Dakta ya turo kekensa na marasa lafiya, ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya ce a zamanin sarakunan Chola na kudancin Indiya wata sarauniya ce ta sa aka zuba shi don ɗakin ibada, kullum ana yi masa wanka, yana ƙyalli. Da yaƙi ya zo aka binne shi a ƙasa. Koren nan na shekarun da ya yi a binne ne, kuma da shi masana ke gane na ainihi ne.

Mira ta ce, "Baba, ba za a iya mayar da koren ba?"

"Za a iya, 'yata, idan kina da shekara ɗari bakwai. Mira, ajiye wayar."

Na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Ma'aikatan gidan tarihin suka zo da safar hannu, suka tambaye ni abin da na shafa, suka rubuta, suka ɗauke shi a haka.

Shi ya sa nake gaya muku, a gidan mutane ku tambaya kafin ku goge komai, domin abin da kuke kira datti wataƙila tarihin mai gidan ne. Bayan rasuwar Dakta na je gidan tarihin na ga mutum-mutumin cikin gilashi. Duk jikinsa kore, ƙafa ɗaya tana ƙyalli, kuma a ɗakin nan ni kaɗai na san dalili.