Sunan Gidanmu a Rajistar Wani

A shekarun da wannan al'amari ya same ni, ni ne babba a wani gidan dukanci da ke Ƙofar Kware, cikin birnin Sakkwato, gidan da kakana ya kafa, mahaifina ya ɗaukaka shi, ni kuma na gada. Na haura shekara sittin, dukawa goma sha huɗu ke aiki a zaurena, kuma duk abin da ya fita daga hannunmu, jaka ce ko takalmi ko matashin fata, yana ɗauke da hatimin gidanmu. Ba zan ɓoye maka ba, ya Edita, ni mutum ne mai ji da kansa a wancan zamani. Ban taɓa tsayawa layi a ofis ba, ban taɓa cike takarda da hannuna ba, domin a tarbiyyar da na tashi cikinta dattijo ba ya bin ofisoshi, wakili gare shi mai yi masa. Wannan na ɗauka shi ne mutunci. Na rubuto muku ne domin masu sana'a irina su ji inda ya kai ni.

Wakilin nawa kuwa aminina ne tun muna makarantar allo, mazaunin unguwar Gidan Dahala. Shi ya yi boko ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ni na tsaya ga fata. Shekara talatin duk wasiƙar da ta shigo gidanmu shi ke karanta ta, shi ke mayar da amsa. Yakan kira ni Baduku, ni kuma in kira shi Akawu, ko a gaban wa. Idan ya shigo zaure yakan toshe hanci ya ce har yanzu ban gaji da warin akuya ba, ni kuma in ce masa warin akuyar nan ne ya ɗinka masa takalmin da yake taƙama da shi.

Baƙin da ke zuwa ziyara Hubbare sukan biyo ta wurinmu su sayi kaya, kuma da yawansu sukan tambayi yadda za su sake saye idan sun koma garuruwansu. Daga nan aminina ya kawo shawarar a buɗe wa gidan shafi a intanet. Ya bayyana mini cewa shafin zai ɗauki sunan gidanmu, sa'an nan ɗigo da haruffa biyu masu nuna ƙasarmu su biyo baya. Ya ce akwai wata ƙungiya mai zaman kanta, ba ta gwamnati ba, ba kuma riba take nema ba, wadda aka danƙa wa riƙon babbar rajistar duk sunayen da suka ƙare da waɗannan haruffa. Ba ta ba mutum suna hannu da hannu, sai ta hanyar kamfanonin da ta ba izini. Wanda ya riga neman suna shi ke samu, kuma ana sabunta shi kowace shekara. Na ce to, a yi.

Ranar da ya kawo fom ɗin ina zaune ina duba wasu jajayen fatu da majema suka kawo. Ya ce ana bukatar sunan mai shi, da lambar wayarsa, da adireshin imel. Ni ba ni da imel, ban kuma ga dalilin da zai sa in tashi daga kan fatuna saboda takarda ba. Na ce ya sa nasa. Domin in yi masa adalci, sai da ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata, yana cewa wanda sunansa ke cikin rajista shi ƙungiyar ta sani. Na amsa masa a gaban dukawana cewa wannan tambaya ma cin fuska ce, tsakanina da shi babu naka babu nawa. Ya cike, ya tafi da ita.

Shekara huɗu muka ci moriyar shafin. Saƙonni na zuwa daga garuruwan da ban taɓa takawa ba, har aikin ya fi ƙarfin hannuwanmu. A nan ne aminina ya zo da shawara ta biyu, cewa mu riƙa sayo jakunkunan kamfani na fatar roba, mu buga musu hatiminmu, mu haɗa da namu, tunda mai saye daga nesa ba ya iya sansanawa. Da na kira shi gefe na ce masa a'a, da wataƙila maganar ta mutu a nan. Sai na ɗaga murya na ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa bayan teburi, wanda bai san bambancin ƙamshin bagaruwa da na roba ba, ba shi zai koya wa gidanmu sana'a ba. Dukawa suka bushe da dariya. Ya tashi ya sa takalmansa ya fita. Na zaci gobe zai dawo kamar kullum. Bai dawo ba, ni kuma girman kai ya hana ni bin sawunsa.

Bayan wata uku saƙonni suka ɗauke. Babbar ɗiyata, wadda malama ce a wata kwaleji a nan cikin gari, ita ta buɗe shafin a wayarta ta nuna mini. Sunan gidanmu, wato sunan mahaifina, na nan a sama, amma lambar waya ba tamu ba ce, kayan ma ba namu ba ne. Ta binciki rajistar ta ga abin da na riga na sani, cewa sunan aminina ne a matsayin mai shi.

Abin da na fara yi shi ne abin da na saba. Na nemi wani babban mutum da ke jin maganata, na roƙe shi ya yi wa shugaban ƙungiyar magana a mayar mini da abina. Amsar da ta dawo ta ba ni haushi ƙwarai a lokacin. An ce shugabannin ƙungiyar zaɓaɓɓu ne, mambobi ke zaɓen su a babban taro, kuma babu ɗayansu da ke da ikon ƙwace suna daga hannun wani ya miƙa wa wani saboda alfarma, ko wane ne ya yi magana. Hanya biyu ce kawai: ko dai in shigar da ƙorafi a rubuce ga masu raba gardama bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa, ko in tafi kotu. Ɗiyata ta zauna ta rubuta ƙorafin. Muka kwance tsofaffin wasiƙun ciniki na zamanin mahaifina masu ɗauke da hatimin, da hotunan kayanmu, muka haɗa. Da aka karɓi ƙorafin, wata ma'aikaciyar ƙungiyar ta yi mana bayani ta waya cewa an kulle sunan, ba za a iya sayar da shi ko mayar da shi hannun wani ba har sai an yanke hukunci. A karon farko cikin watanni na ji hankalina ya kwanta.

Sai dattawa suka shigo. Limamin masallacinmu da wasu manya biyu suka same ni, suka ce abin kunya ne a ce dattawa biyu masu furfura, waɗanda suka wanke allo tare, suna shari'a a gaban baƙin da ba su san iyayensu ba. Aka tara mu a zauren liman bayan sallar la'asar. Aminina ya zo kansa a sunkuye. Ya ce sharrin Shaiɗan ne da zafin dariyar da aka yi masa. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya kira ni da sunan nan na raha, idanunsa suka ciko. Ya yi alkawari a gaban kowa cewa kafin Juma'a mai zuwa zai mayar da sunan gare ni. Abu guda kaɗai ya roƙa, in janye ƙorafin tukuna, don kada a ce tilasta shi aka yi. Aka yi Fatiha, aka raba goro.

Wanda ba ɗan nan ba wataƙila ba zai gane nauyin wannan ba. A wurinmu, idan dattawa suka yi sulhu aka shafa Fatiha, wanda ya bar ƙararsa a tsaye ya nuna ke nan bai yarda da liman ba, bai kuma ɗauki manyan da suka zauna a bakin komai ba. Ɗiyata ta durƙusa a gabana tana cewa, Baba, ba ta hana ni sulhu ba, amma don Allah in dakata har mu ga sunana a rajistar da idonmu. Ta sake kiran ma'aikaciyar nan a gabana. Matar ta ce su ma sun fi son sulhu, amma abin da ya fi aminci shi ne a rubuta yarjejeniyar, mu biyu mu sa hannu, a aika musu, sai a mayar da sunan bisa gare ta. Ta ƙara da cewa, Alhaji, da zarar an janye ƙorafi kullen nan zai tashi, mai rajista kuma zai iya yin abin da ya ga dama da sunan. Na ce mata na gode, amma maganar da aka yi a gaban liman ta fi ƙarfin a nemi sa hannu a kanta. Takardar janyewar nan ita ce takarda ta farko da na nema da kaina na rattaba wa hannu, ɗiyata na tsaye tana share hawaye da gefen mayafinta.

Juma'a ta zo ta wuce. Na ce uzuri ne. Ta biyu ta wuce, na aika Gidan Dahala aka ce ya yi tafiya. A mako na uku ɗiyata ta shigo ba ta ko zauna ba, ta miƙo mini wayar. Sunan ya fita daga hannun aminina, ya koma hannun wani ɗan kasuwa a wani gari mai nisa, kwana kaɗan bayan tashin kullen. Sayar da shi ya yi. Liman da kansa ya same shi bayan ya dawo. Abin da ya faɗa wa liman shi ne, shekara talatin yana yi wa gidana hidima, ladan da ya samu dariyar dukawa. Liman ya zo zaurena ya zauna ya daɗe bai iya duban fuskata ba, ni kuma na rasa wanda zan fi tausayawa tsakanina da shi.

An gaya mini ƙofa ba ta rufe ba, ina iya sake shigar da ƙorafi ko in nufi kotu, sai dai yanzu da baƙo zan kara, wanda zai ce shi saye ya yi daga hannun mai rajista. Lauya ya ce tafiyar na iya yin tsawo. Muna kai har yau. A halin yanzu mun yi rajistar wani suna dabam, mai ƙarin kalma, da sunana da imel ɗin da ɗiyata ta buɗe mini, amma tsofaffin masu saye tsohon suka sani.

Kwanakin baya wata dattijuwa da ta zo ziyara daga nesa ta shigo zaurena da jaka a hannu, fatarta na saɓulewa kamar ɓawon albasa. Ta ce mahaifiyarta ta riƙe jakar gidan nan har ta rasu ba ta yage ba, shi ya sa ta yi saye ta tsohon shafin ido rufe. Ta dube ni ta ce, Alhaji, me ya sami gidanku? Na ɗauko mata jaka ta gaske na ba ta, na karɓi ta robar. Ita ce ta shida da na musanya, domin mai saye bai san da wata rajista ba, mahaifina ya sani.

Na yi ta juya wannan al'amari a raina. Ƙungiyar da na yi fushi da ita ba ta zalunce ni ba. Ƙin alfarmar da ya ba ni haushi, shi ne da zai kare ni da na bari ƙa'idarta ta kai ƙarshe. Wanda ya ci amanata shi ne wanda ya riƙe hannuna a gaban liman alhali ya san abin da ya ƙudurta, kuma wannan na bar shi da Allah, ko da yake har yau idan na tuno hawayen nan nasa sai abinci ya fita raina. Amma ni na wulaƙanta shi a bainar jama'a, kuma ni na buɗe masa kullen da hannuna bayan an gargaɗe ni.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana masu sana'a, musamman dattawa. Idan za a buɗe wa gidanku suna a intanet, ku tashi ku ga sunanku a rajistar da idonku, ko da ɗan cikinku ne ke yi muku. Idan gardama ta taso kuma manya suka shiga, ku karɓi sulhu, ku girmama su, amma ku ce a rubuta abin da aka yarda a kai kafin a janye komai. Mai niyyar cika alkawari ba zai ƙi sa hannu ba. Ni na guji kunyar minti biyar ta neman wannan daga aminina, ga shi yanzu ina jin kunyar duk baƙon da ya yi sallama a ƙofata da jaka a hannu.