Littafin da Aka Raba Gado

Bana shekara goma sha biyu ke nan da aka fitar da Modibbo, malaminmu, daga gidanmu na unguwar Makama a Yola aka kai shi makwancinsa. Ni matarsa ce. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Da baki nake faɗa ana rubutawa, kuma na ce kada a rage mini ɗacin magana.

Akwai wani littafi da ya ci rabin rayuwar mutumin nan. Labarin wani matafiyi ne na can da, tun kakannin kakanninmu ba su zo duniya ba, wanda ya keta hamada ya rubuta abin da idonsa ya gani: rijiyoyi, kasuwanni, sarakunan da suka karɓe shi da waɗanda suka kore shi. Babu mai cikakkensa. Wannan malami yana da farko, gara ta cinye ƙarshe. Wancan yana da tsakiya, ya hana gani. Modibbo ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga Yolde Pate har Garwa, har ɗakunan ajiyar littattafai na Kano, inda ba a barin mutum ya fita da ko warƙa ɗaya. Sai ya zauna ya kwafa da alƙalamin kara. Ranar da ya haɗa shi cif, rago ya yanka kamar an yi haihuwa.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo. Shi ya dafa, 'ya'yan da na haifa masa suka zubar.

Littattafanmu na da ba ɗinki gare su ba, warƙoƙi ne a jere cikin gafaka. Da aka zo rabon gado sai na ga an kwance ta. Na ce wannan ba garken shanu ba ne. Babban ɗanmu Hammadu ya ce, "Dada, gado gado ne. Ko allura ce sai an raba." Haka aka ƙirga: namiji biyu, mace ɗaya, ni tumuni. Matafiyin nan, kansa ya tafi unguwar Karewa, ƙafafunsa suka bi 'yan mata gidajen aure.

Rabon Hammadu a ƙarƙashin injin wuta ya ƙare, yana shan baƙin mai. Wannan ma da sauƙi. Shekarar da mutanen wajen Mubi suka cika Jimeta da gudun hijira, autanmu Bobbo, wanda ko bismillar littafin ba zai iya karantawa ba, ya riƙa wanke nasa a ƙwarya yana sayarwa da sunan rubutun tsari. Mace ta baro gawar mijinta a daji, a ba ta ruwan labarin raƙuma ta sha, a ce mata harsashi ba zai taɓa ɗanta ba! Da na tsare Bobbo sai ya ce, "Ai da Larabci yake, Dada, duk albarka ce." Albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Nakan tambayi kaina, da Modibbo zai leƙo yau me zai ce? Ba mai hayaniya ba ne. Takalminsa zai ɗauka ya sake bin ƙofofi. To amma tsofaffin da suka buɗe masa duk sun bi shi, kuma ban san yadda nasu 'ya'yan suka yi da tasu gafakar ba.

Abin da ya rage mini na littafin nan shi ne tumunina, yana ƙasan akwatin da likkafanina yake. Ban san ko farko ne ko tsakiya ba. Bobbo ya fara zagaye, wai in ba shi ya adana.

Don haka duk wanda kakansa ya bar masa guntun littafin nan, a Yola ko a wani gari, ya zo da takarda da tawada ya kwafa tun ina numfashi. Ƙofata a buɗe take, ba na son ko kwabo. Ku yi sauri, don ranar da aka ɗauke ni, wannan ɗin ma ƙirga shi za su yi.