Shekarar Da Muka Shafa Wa Kogon Waliyyiya Farar Ƙasa

Asabar ɗin jajibirin Ista ce, shekarar da nake aji huɗu. Gari ya waye mana a bayan cocinmu na Katolika da ke gefen Silver Spring a Amurka, ni da Mama da ƙawarta Anti Saratu, kowacce da bokiti da tsohon burushi. Furannin bishiyoyi suna ta zubowa a kan ɗankwalin Mama, ita ba ta ma sani ba. A gabanmu akwai ɗan kogon da aka gina da duwatsu, a cikinsa mutum-mutumin wata waliyyiya sanye da baƙaƙen kaya, tana kallon wurin ajiye motoci kamar mai jiran a zo a ɗauke ta.

Mama ce ta ba ni labarinta. Wai Sista ce ta coci, 'yar Italiya, mai tsoron ruwa, amma ta hau jirgi ta ƙetaro teku don ta kula da marayu da marasa lafiya cikin baƙi 'yan uwanta. Magina 'yan ƙasarsu da suka zo sassaƙa dutse a Washington su suka yi mata kogon, da guntayen da suka rage daga wurin aiki, bayan an tashi aiki. Jikokinsu duk sun watse. Saura Misis Roza, 'yar ɗaya daga cikin maginan, tsohuwa mai kaifin baki, wadda ta riƙe wurin har ƙugunta ya hana ta sunkuyawa. Da Fada, limamin cocin, ya nemi mai karɓar aikin, Mama ta ɗaga hannu tun bai rufe baki ba. Aka ce to, gwaji ne: Misis Roza za ta zo ta duba kafin Ista, in ba ta yarda ba a ba wani.

Sai da na girma na gane abin da ya sa Mama ta maƙale wa wurin nan. Mace ce da ta tashi a ƙauye kusa da Zonkwa, inda shara ce gaisuwar farko ta safiya, ga ta yanzu a bene hawa na bakwai, daga kafet sai lifta, daga lifta sai bas zuwa asibitin da take aiki. Ƙasar da za ta share a duk Amurka ita ce ta gaban kogon nan. Da tsintsiyar kaba ta shagon 'yan Afirka take yi, ta bar zane-zane a ƙasa kamar ɓawon kifi, ni kuma in kankare daskararren kakin kyandir, in canza ruwan furanni, in na gaji in buga 'yar gala-gala ni kaɗai. Takan ce, "Baƙuwa ce kamarmu, Rifkatu. Ba a barin ƙofar baƙo da datti." Ni dai a lokacin na ɗauka da dare waliyyiyar kan sauko ta taka zanen Mama a hankali don kar ta ɓata.

To a gida Najeriya, in biki ya zo, duwatsun coci da gindin bishiyoyi farar ƙasa ake shafa musu. Mama da Anti Saratu ba su tambayi kowa ba, don me za a tambaya? Suka samo ta a shagon kayan gini, muka dama, muka shafe kogon tas, har gansakukar da ta shekara arba'in tana zamanta lafiya. Da rana ta busar da shi, wurin ya yi fari fat. Fada ya fito, ya tsaya, ya cire tabarau ya mayar. Mutumin kirki ne, amma fuskarsa ta yi ja kamar tumatir. Ya ce duwatsun tarihi ne, kwamitin coci ba zai ji daɗi ba, ga kuma motar Misis Roza can tana shigowa.

Ban taɓa ganin Mama ta tsorata kamar ranar ba. Ta ɓoye hannuwanta a bayan zane. Tsohuwar ta tako da sandarta, ba ta gaida kowa ba. Ta daɗe tana kallo. Sai ta dangwali inda bai bushe ba, ta kai hanci, ta rufe ido, muka ga hawaye yana bin kumatunta. Ta ce haka hannun mahaifiyarta yake ƙamshi duk Ista. A ƙauyensu ma haka ake yi, kuma matan farko sun shafe kogon nan shekara da shekaru, sai da 'ya'yansu suka yi boko suka ce abin ƙauyanci ne, aka daina. Ta share fuska ta harari Mama.

"Kin sa gishiri?"

Mama ta rusuna ta ce, "Na manta, Kaka."

"To baɗi ki sa, in ba haka ba ruwan farko zai wanke. Ni zan kawo."

Ta kuwa kawo, a cikin jakar hannu, duk shekara har ta rasu. Ita a kujera tana ba da umarni, Mama tana shafawa, suna gardama a kan kauri, kowacce da irin Turancinta.

Yanzu kamfani ke kula da wurin. Suna zuwa da injin hura ganye, kyandir ɗin ma na lantarki ne, danna shi ake yi. Mama tana gidana a Mitchellville, gwiwoyi sun ƙi, sai dai ta zauna bakin taga. In na dawo daga coci takan tambaye ni, "An share mata?" Nakan ce an share, don gaskiya wurin fes yake. Sai dai iska ce ta share, ba hannun wanda ya san baƙunci ba.