Zaren da Yaya Ta Ciro Daga Ƙusa

Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, wadda ta shekara ashirin da uku tana wanke haƙoran jama'a a asibitin haƙori. Na duba littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana, shafin ranar layi ɗaya ne: "Yaya ta rasu. Ban yi zare ba." Ban sani ba ko ya dace a fara ta'aziyya da irin wannan, amma da shi na san ki.

Yaya, aikinki na ƙyama ne, ba ki taɓa ɓoyewa ba. Kin sha dawowa gida ki kasa cin abinci saboda abin da kika kankaro daga bakin wani mai ƙamshin turare: dattin da ya daskare kamar dutse, jini, naman da ya ruɓe tun makon jiya. Ban taɓa zaton bakina yana cikinsu ba, sai ranar sha huɗu ga Janairu, da likita ya ce haƙorin turmina na ƙarshe na hagu sai cirewa. Ke kika roƙar mini wa'adin wata uku kafin a cire.

A ɗakin Inna kika zaunar da ni. Kika ƙwace tsinken tsintsiyar da nake sakace da shi, kika karya. Kika yanko zaren haƙori kamu guda, kika naɗa a yatsunki na tsakiya, kika zura shi a hankali, kika zaro, kika kai mini hanci.

"Shaƙa, Auta."

Na shaƙa. Warin kwata ne, ba ƙari.

"Abin da matarka take shaƙa kullum ke nan, ta yi shiru. Allah Ya ba baiwar Allah lada."

Da shekara arba'in da biyu a duniya, na fita na yi amai.

Na rubuta duk abin da kika ce. Kada a buga zare a dasashi. A rungumi gefen haƙori da shi, a ɗan shiga ƙarƙashin nama, a goga sama da ƙasa. Inda yake jini, nan ne ba a tsallakewa. Abu ɗaya na sha'afa ban rubuta ba. Sai na riƙa wanke zaren ina ratayewa a ƙusar tagar banɗaki, gobe in ɗauka. Har alfahari nake, don na kai guda ɗaya kwana shida. Ranar da kika zo, kika fito riƙe da shi da yatsu biyu kamar wutsiyar mushen ɓera.

"Auta, mene ne wannan?"

"Ai da sabulu nake wanke shi."

"Da sabulu! To audugar gyambo ma ka riƙa wankewa kana mayarwa. Kowane tsakani da sabon wurinsa a jikin zare, ka gama ka jefar. Tir!"

Duk da haka ke kika sake zura hannu cikin bakin nan, ba ki bar wa kowa ba. Ko a gadon asibiti, kina numfashi da ƙyar, sai da kika ce in buɗe. Kika yatsine fuska, kika ce, "Da sauƙi." Har yau ban tabbata ko gaskiya kika faɗa ko tausayina kika ji ba.

Ranar Litinin wa'adin ya cika, kwana biyar bayan mun kai ki makwancinki. Likita ya danna turmin, ya girgiza, ya leƙa, ya ce a bar shi. Na fito baranda na ciro waya, sai da na kai ga sunanki na tuna.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya wanke ki daga zunubi fiye da yadda kika wanke mu ba tare da kin guje mu ba. Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da maigidanki, da 'ya'yanki huɗu, da abokan aikinki. Allah Ya ba mu haƙuri. Ƙusar nan na cire ta jiya.