Faɗin da Aka Ƙara wa Babur ɗin Baba

Mahaifina direban babbar mota ne, har lokacin da gwiwarsa ta dama ta ƙi. Sai ya ajiye tuƙi ya dawo Kibiya, ya rungumi gonar da ya gada a wajen Nariya. Zuwa gonar ne ya zame masa aiki. Ƙafa ba ta kai shi, babur kuma in an tsaya sai an dafa ƙasa, ita kuwa gwiwar ba ta yarda da dafawa. Ya sha faɗuwa kafin ya haƙura.

Wani tsohon abokin tuƙinsa mai shigo da kayan Kwatano ne ya samo masa babur mai ƙafa huɗu. Ja ne, mara nauyi, ga ƙara kamar injin markaɗe. Asalinsa ba na gona ba ne, na masu tsere ne, amma Baba ya sa kafinta ya ɗaura masa akwatin katako a baya, ya zama na ɗaukar taki da fartanya. Hanyar gonarmu siririya ce, ta ratsa tsakanin duwatsu, sannan ta hau wata gadar itace da manoma suka yi a kan rafi. Babur ɗin yana wuce gadar da ƙyar, taya a bakin katako ta nan, taya a bakin katako ta can. Baba kuwa ko rage gudu ba ya yi.

Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Rano. Duk Asabar nakan zauna a kan akwatin nan mu tafi gona. A gida Baba ba mai magana ba ne, amma da ya kama kan babur sai bakinsa ya buɗe. A hanyar nan na ji yadda ya fara yaron mota, da daren da birki ya tsinke masa a gangaren Jos, da yadda ya fara ganin mahaifiyarmu tana tallan dafaffiyar gyaɗa a tasha.

Ƙanena, autanmu, bakanike ne, yana da gareji a Rano. A shekarun nan samari suka gano wani tsohon ramin marmara da masu aikin titi suka bari tsakanin Rano da Kibiya. Suka tara tudduna a ciki, suka fitar da hanya mai kwana-kwana, da rani suna haɗuwa suna tsere da babura. Wata rana Auta ya ari na Baba ya shiga. A kwanar farko babur ɗin ya ɗaga ƙafa biyu ya kife da shi. Ya dawo gida da kafaɗa a goge, amma ba ciwon ne ya dame shi ba.

Bayan la'asar muna zaune a soro ya ce, "Baba, injin nan ba shi da laifi. Tsayuwarsa ce matsala. Ya cika tsukewa, shi ya sa yake kifewa. Shokarsa kuma ta yi laushi, in na diro daga tudu sai cikinsa ya daki ƙasa. In ka yarda in ƙara masa faɗi, wallahi babu mai kama ni."

Na ce, "Gadar gona fa?"

Ya ce, "Yaya, rani ne. Kafin ruwa ya sauka na mayar da shi yadda yake."

Na dubi Baba ina jiran ya hana. Sai na ga yana murmushi, irin wanda na daɗe ban gani ba. Ya ce, "Malam, bar shi ya gwada. Amma ba za a taɓa shi ba sai ina wurin."

Haka kuwa aka yi. Kullum da safe yakan bi motar haya zuwa Rano, a ajiye masa benci a inuwar gareji. In na tashi daga makaranta nakan biya in same su. An ɗora babur ɗin a kan kututture, an zare tayoyi. Kowace tayar gaba akwai wasu ƙarafa masu kama da hannu da suke riƙe da ita, su ake so a tsawaita. Auta ya zaga kasuwar kayan mota a Kano bai samu dogaye ba, sai suka yanke shawarar a yanka na jikin a ƙara musu bututun ƙarfe. Baba ne ya riƙe tef ya yi awon da kansa, kamar tafin hannu a kowane gefe. Mai walda yana aiki, Baba yana tsaye a kansa yana cewa, "Ƙara cika nan, ran mutum za a ɗora a kai."

Sandar ƙarfen da ta haɗa tayoyin baya ba ta yankuwa, don haka aka yi musaya da wani ɗan kasuwa, ya karɓi tamu ya ba da doguwa. Aka sa shoka dogaye masu taurin sifirin, aka canza tiyon birki don na da ba ya kaiwa. Gwajin farko tayoyin gaba suka wage kamar ƙafar agwagwa, kan babur yana fizge hannu. Baba ya sa aka ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, yadda suke yi wa manyan motoci, aka yi ta juya noti ana dubawa har suka miƙe. Hannunsa duk giris, yana ta ba yaran gareji labari. Tun da ya bar tuƙi ban gan shi cikin walwala irin wannan ba.

Ranar da aka kawo shi gida, babur ɗin ya ƙi shiga ƙofar soro. Inna ta leƙo ta ce, "To, kun ciyar da shi har ya fi ƙarfin ƙofa." Muka yi ta dariya, aka mayar da shi gareji ya kwana.

Ranar tsere aka shimfiɗa wa Baba tabarma a bakin ramin. Akwai wasu da suka zo daga birni da irin babur ɗin. Auta ya shiga kwanar da ta taɓa kayar da shi, babur ya zame ya kwashi ƙasa, amma ƙafafunsa huɗu suna ƙasa. Ya hau tudu ya tashi sama, ya diro lafiya lau. Ban san lokacin da Baba ya miƙe ba. Sai ganinsa na yi tsaye, sanda a yashe, yana ihu, "Taka masa! Taka masa, Auta!" Auta ne ya zo na ɗaya. A hanyar gida Baba bai daina maimaita yadda aka yi kwanar ba.

Cikin mutanen birnin nan akwai mai babban gareji. Ya duba aikin da aka yi, ya kira Auta ya ba shi aiki a Abuja. Baba ne ya fara cewa ya tafi. Kafin tafiyar Auta ya so ya mayar da babur ɗin yadda yake, sai mai walda ya ce ƙarafan gaba ba za su ɗauki wani yankan ba, za su karye a hanya. Sandar baya kuma ɗan kasuwa ya riga ya sayar. Auta ya yi alkawarin zai nemo a can ya aiko.

Ruwa ya sauka bai samu ba. Wata Asabar Baba ya ce mu gwada a haka. Shokar tsere ba ta san tafiyar sannu ba, kowane dutse sai ya ji shi a gwiwa da ƙugu. Muka lallaɓa ta tsakanin duwatsu, taya tana gogar gefe, har bakin gada. Ya tura kan babur a hankali, sai ga tayoyin gaba suna shirin faɗawa ta kowane ɓangare. Ya kashe inji. Daga nan ana hango kukar da ke iyakar gonarmu. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Sauka ka ƙarasa, Malam. Ka dubo mini ko geron ya fito sosai."

Na ce a goya shi a babur ɗin haya. Ya yarda sau ɗaya, aka sa shi a tsakiya ana riƙe da shi, daga ranar bai ƙara ba. Damina ta wuce yana zaune a soro. Ni nake zuwa gona in kawo masa labari, yana yi mini tambayoyin da ban iya amsawa ba: wane gefe ne ruwa ya kwanta, ganyen dawa ya yi duhu ko ya yi fari. Daga baya ya rage tambaya. Hirar da muke yi a hanya ita ma ta tsaya, don a soro ba ya yin ta.

Sai bayan girbi Auta ya samo kayan. Ya zo da kansa ya ɗaura, babur ya koma tsukakkensa. Amma zaman watanni ya riga ya ci Baba. Gwiwar ta sandare, ga hawan jini ya shigo. Muka ɗaga shi muka ɗora, ya tayar, ya je ƙarshen layi ya dawo. Ya ce, "Ya yi. Allah ya yi maka albarka." Auta ya durƙusa zai ba shi haƙuri, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Ni na riƙe awon. Kada ka ƙara tayar da zancen nan."

Bai sake hawa ba. Ya rasu kafin wata daminar.

Auta bai ƙara shiga tsere ba, ko kallonsa ba ya yi. Ni kuma har yau in na tuna shekarar nan, ba na iya cewa ga wanda ya yi ba daidai ba. Na dai san damina ɗaya ce ta rage wa Baba, kuma a soro ya yi ta.

Bayan an raba gado muka kai babur ɗin Rano ranar kasuwa don mu sayar. Wani Bafulatani mazaunin Zinyau, mai kiwo da noma, ya zagaya shi yana ƙwanƙwasa ƙarafan gaba. Ya ce, "Ba a taɓa shi ba?"

Auta ya ce, "An taɓa, an mayar."

Mutumin ya nemi a cire akwatin katakon, don zai sa wurin ɗaura jarkokin nono. Auta ya ari sifana ya kwance shi da hannunsa. Muka tsaya a bakin titi muna jiran motar Kibiya, akwatin yana tsakaninmu.